A-kori-kurar Malam Attahiru

"Lahiya lau, sai dai ganinka da yab ɓata mani hantsi," in ji Gudiya, ba ta ko ɗago kai daga tsintar wake ba. "Ina gajiya, miji marar cefane?"

Waliyyu jikanta ne, makanike a Jega Sabon Gari. Abin da ya kawo shi garin Kashin Zama shi ne tsohuwar a-kori-kurar kakansa, marigayi Malam Attahiru, wadda ta sha jigilar albasa zuwa kasuwar Aliero, yanzu kuwa tana durƙushe a bayan gida, dab da rijiya. Tun saukar damina ruwan rijiyar yake wani ƙyalli, irin albasar da aka yafa a gefenta kuma ya ƙone ƙurmus. Gudiya ta ga duk wannan. Amma duk ɗan da ya ce a ɗauke motar, da tsintsiya take raka shi.

"Yau da hidima niz zo, amarya. Ga mota can ƙohwar gida da sarƙa, mun zo ɗaukar ƙawarki."

"Wace ƙawata?"

"Wagga ta bayan gida mana. Ba a san wadda tag girmi wata ba tsakaninku. Ita ba hitila, ke ba haƙora."

"Ja'iri! Haƙoran da sunka rage sun isa su raba ka da kunne. Kai da kake wuni ƙarƙashin motocin mutane kamar ƙadangare, in ka hito ko matarka ba ta shaida ka!"

"Ke dai kin shaida ni, tun da kullum idonki na bisa hanya."

Ta yi tsaki, ta ture faifan waken. Tambaya ce ta daɗe tana cin ta, ba ta sami wanda za ta yi wa ba.

"To in kun ɗauke ta, ina za ku da ita? Kabari za ku gina mata?"

"Rarraba ta za mu yi. Da hwarko mu tsiyaye baƙin man da yar rage, mu zuba cikin jarka. Shi ne ke bin ƙasa yana shiga rijiyarki. Kin ɗauka kyawonki ne ke ƙyalli cikin guga?"

"Allah shi shirye ka. To albasata hwa, mi yac cinye ta?"

"Ruwan batir. Ya tsage tun tuni yana ɗiga. Shi ba a hwasa shi ko'ina, akwai masu karɓa su mai da shi inda ake sake shi."

"Tayun kuwa na sani, ƙonawa za ku yi ku ciri waya, ku turnuƙe muna gari mu kwana muna tari."

"Ba ni ba ƙona taya. Masu takalmi na jira, su yanka, su ɗinka. Har ke zan sa a yi ma silifa, ko kya daina jan ƙahwa kamar agwagwa."

"Ni da kakanka yab bi daga garin Liba har nan don tahiyata? Ci gaba, ɗan nema. Ƙarhen hwa?"

"Sifirin da ke ƙarƙashinta na maƙeran Maiyama ne, su ƙera kalme da lauje. Wani sashen injin masu zubin tukwane ke so. Gangar jikin a narka ta, ta koma rodin gini, ko ma ta shiga jikin sabuwar mota. Ya hi a sake tona ƙasa neman wani ƙarhen."

Gudiya ta riƙe haɓa. "Tsohuwa ta shiga wuta, ta hito sabuwa?"

"Ƙwarai."

"To me kake jira? Ɗauke ni tare da ita, a narka ni in dawo budurwa, in sami miji mai tsabta."

"Na riga na tambaya. Sun ce ba su karɓar wadda tsatsa tag gama da ita."

Ta kai masa duka da mafici, ya goce. Sannan ta miƙe a hankali, ta zaga bayan gida, yana biye da ita. Ta tsaya jikin motar, ta leƙa ta tagar da ba gilashi, ta ɗora hannu a kan kujerar gaba wadda soso ya leƙo ta ko'ina.

"Nan nike zama ranar kasuwa," ta ce, muryarta ta sauka. "Shi yana tuƙi yana yi mani hwaɗa wai na cika surutu."

Waliyyu ya buɗe ƙofar motar. Ya zaro sifana daga aljihu, ya durƙusa, ya shiga kwance kusoshin kujerar. Da ya gama ya ɗauko ta a ka, ya kai ƙarƙashin rumfarta ya ajiye, ya kakkaɓe da hularsa.

"Wagga ba ta zuwa ko'ina. Zauna, Hajiya, ina za a sauke ki?"

Ta zauna. Kujerar ta yi ƙara, ita ma gwiwarta ta amsa. Dariya ta ƙwace mata har da hawaye, tana share su da bayan hannu. Can ta kwance ƙullin bakin zanenta, ta ciro wani ɗan makulli da ya sha hannu har ya yi santsi, ta miƙa masa.

"Ungo. Na san ba ta tashi. Amma motar Malam ba ta barin gidanga ba makulli, sai ka ce ɓarayi sunka ɗauka."