Ranar da Baba Nomau Ya Miƙe

A wani daji mai suna Ɓargo akwai wani tsohon suri, inda ake haifar 'ya'yan gara duk iri ɗaya. Wanda ke kan kujerar ƙofar ɗakin horo shi ke yanke abin da za su zama. Kujerar kuwa ɗaya ce tak. A al'ada, Baba Nomau mai raino ke fara zama, yara su yi ta yawa. Daga nan sai ya tashi, Jatau marini ya zauna, ya rina su ja, ya sauke musu ƙunshin da aka haife su da shi a ka don su iya ratsa ƙananan ramuka, su kai wa Uwar Suri iska can ƙasa.

To, wata shekara kujera ta yi wa Baba Nomau daɗi, ya ƙi tashi. Yara suka cika ɗaki maƙil, ba ko ɗaya da ya nuna ya yi ja. Jajayen bara suka tsufa suka ƙare. Uwa ta soma haki, kuma kowa ya san in ta mutu suri ya watse.

Majalisa ta zauna. Abin haushi, sai ta kafa kwamitin binciken iska!

Jatau ya durƙusa ya ce, "Baba, don Allah dubi Uwa. Ba raina aikinka na yi ba, kai ka tara yaran nan. Amma naka ya ƙare, nawa bai fara ba."

Ran Baba Nomau ya ɓaci. A surin nan kuwa ba a jawabi a zaune, shi kuma bai taɓa barin magana ta wuce shi ba. Ya miƙe, ya gyara murya.

"Jama'a, ku duba yawan yaran nan! Wa ya taɓa tara kamarsu? Yaro Jatau, saurin me kake? Ni da kujerar nan mutu ka raba."

Kafin ya kai aya Jatau ya zauna kan kujerar. Rini ya kankama, ƙunshi ya yi ta faɗuwa, jajaye suka kwarara cikin ramuka. Can sai aka ji Uwa ta ja dogon numfashi. Wayyo daɗi! Har masu kwamiti suka yi hamdala.

Washegari majalisa ta karrama Baba Nomau, dattijon da ya tashi da ƙafarsa ba wanda ya ture shi.