Akuyar Zuliha Ta Shiga Intanet

Duk wanda zai ambaci manyan 'yan kasuwar Damagaram ya tsallake Malam Mutari na Zango, ya yi wa tarihi rashin kunya. Jikan madugu ne, kuma ba ya bari a manta. Kakansa ya ratsa sahara da raƙuma ɗari uku. Bara ɗari biyu ne, amma raƙuman nan haihuwa suke yi a bakin Mutari. Shi kuwa duniya yake ratsawa da salula mai tsagaggen gilashi, yana sayar da alabe, jakar kuɗi ta fata, na dukawan unguwar Birni ta intanet. Kamfanin yana da Darakta Janar da sakatare da mai kai kaya tasha, dukansu hula ɗaya suke sawa. Biro ɗin kuma, wato ofis, shi ne bencinmu na shan shayi a gindin bishiyar bedi.

Jarin kamfanin akuya ce. Shekarar da ruwa ya ɗauke tun hatsi bai fid da kai ba, dabbobi suka yi ta faɗuwa a Gaffati, garin su matarsa Zuliha. Akuya ɗaya ta rage mata a can. Ta sa aka sayar kafin ta bi sahu, ta ce a sayo ko rabin buhun hatsi ne, tunda yara huɗu ne a gidan.

Mutari ya yi murmushin masu ilimi. "Rabin buhu? Zuliha, tunanin ƙauye ke nan. Ba ni wata biyu. Akuyar nan za ta shiga intanet ta fito buhu biyu."

Ta ba shi. Mu ma mun ce ta yi hankali, don daga kuɗin aka sayo sukarin shayin ranar.

A faɗi gaskiya, kaya sun tafi, har Yamai da Agadas. Sai dai kuɗin waya ba ya isowa yadda ya taso. Shafin da ke karɓar masa kuɗi ya gutsuri nasa, mai teburin cire kuɗi ya gutsuri nasa, ribar alabe kuwa dama ba ta fi loma biyu ba. Ko mai ƙosai ta san maganin abin: a ce wa mai saye ya haɗo da na cirewa. Amma mu 'yan Zango gara mu yini da yunwa da a ji bakinmu ya roƙi dala ashirin.

Wata hajiya daga Yamai ce ta fara tambaya da kanta ko ta haɗo. Mutari ya ɗaga muryar salular don benci ya amfana.

"Haba Hajiya! Gidanmu ba a tambayar baƙo kuɗin ruwa. Kakana ayari guda yake shayarwa. Wannan a kaina!"

Muka tafa, muka raɗa masa A-Kaina. Ya ji daɗin sunan har ya rubuta shi a saman shafinsa. Masu saye suka karanta, suka gaya wa 'yan uwansu, ba wanda ya sake wahalar da kansa da tambaya.

Sai ranar canji. Wani mutumin Agadas ya turo kuɗi jika uku, alhali dala hamsin ta yi sama da kuɗin kayan. Mutumin ya ce a bar shi.

"Jikan madugu ba ya cin canjin mutane," in ji Darakta.

Ya taka har teburin aike a cikin rana, ya biya kuɗin aikawa da ya fi canjin, ya ƙara na cirewa don kada bawan Allah ya yi asara. A hanyar dawowa ya murza yatsu, ya ga alaben ya tafi kyauta har da rakiya. Ya ce a ransa, wallahi Mutari kai jaki ne, jakin ma mai sayen kayan da zai ɗauka. Ya ƙudurta gobe zai fara tambaya. Yana karyo kwana muka yi ihu, "A-Kaina!" Sai ya gyara hula.

Hatsi kuwa bai jira shi ba, kowace kasuwa sai ya hau. Zuliha ta daina tambaya. In ya shigo sai ta kankare gindin tukunya da ƙarfi, ya ji abin har cikin haƙoransa.

Da wata biyu suka cika ya sa babbar riga ya nufi kasuwar Dole, wurin Nomau, mutumin garin Dogo mai awon hatsi. Ya tambayi kuɗin buhu da murya mai ƙarfi. Da ya ji amsa, ya tambayi kuɗin tiya, kwanon awo, da murya ƙasa-ƙasa. Abin da ke cikin salular tiya bakwai ya kama, Nomau ya auna masa.

"Ta waya zan biya," in ji shi. "Mu mun bar zamanin tsabar kuɗi."

Nomau bai ko ɗago ba. "To Malam, ka haɗo da na cirewa."

"Ni ban taɓa tambayar kowa ba!"

"Allah sarki. Ni kullum sai na tambaya."

Mutari ya duba salula, ya duba sama. Nomau ya gane, ya sa tiya ya kwashe guda ya mayar cikin buhunsa.

Tiya shida ya kai gida a leda. Zuliha ta ɗaga ledar da hannu ɗaya, ta ajiye.

"Malam, akuyoyin mutane da fari ya kashe, ko fata sun bari. Tawa me ta bari?"

Kunya ta rufe shi, amma Darakta ba ya rasa amsa. Ya buɗe salula ya nuna mata saƙonni arba'in da uku, kowanne yana shaida masa an cire kuɗi, yana kuma gode masa.

Ta ce ya zauna ya karanto wa yara su kafin tuwo ya nuna, ko za su rage ci.