Rigata Ta Tafi Teku Neman Ruwa

Jiya tun hantsi nake layin mai a bakin hanyar Shinkafi, in tura babur in tsaya, in tura in tsaya, har aka kira la'asar ban ga bakin famfon mai ba. Ban damu ba, ni dama ba mai gaggawa ba ne. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, a daidai lokacin da rana ke dukan ƙeyata, babbar rigata tana can tsakiyar teku cikin jirgin ruwa mai ɗakuna da fanka, tana hutawa. Ni Imrana ɗan kabu-kabu, iyakar tafiyata Gusau. Sau ɗaya na taɓa ganin Funtuwa, shi ma barci ne ya kwashe ni a mota. Amma rigata ta hau jirgin sama.

Ku gyara zama in faɗa muku yadda aka yi, a hankali.

Famfon unguwarmu a nan Ƙaura ya daina kawo ruwa tun muna cikin tsohuwar jiha. Da aka ba mu sabuwa, wasu manya suka zo da lasifika suka ce ƙishirwa ta ƙare. Aka kafa Kwamitin Nemo Ruwa, aka naɗa masa shugaba, wani bawan Allah mai kwarjini wanda mu a teburin shayi muke ce wa Mai Girma Garkuwan Masu Ƙishirwa. Allah ya ja zamaninsa, mutum ne mai zurfin tunani. Ya duba gabas ya duba yamma, ya gano kuskuren da aka daɗe ana yi, wato neman ruwa inda babu shi. Ya ce za a tafi inda ruwa ya fi yawa a duniya, a ga yadda suka yi suka tara shi. Jirgin sama zuwa ƙasar waje, daga can a shiga jirgin ruwa a zagaya teku ana nazari.

Maƙwabcina Jaji mai shayi ya ce shi dai ya yaba da wannan basira, abin da bai gane ba kawai shi ne da wace jarka za a kawo shi. Wani ya ce ai ruwan teku gishiri gare shi. Jaji ya ce to ai ya fi, an hutar da mata sayen gishirin miya.

Ashe babbar matsalar tafiyar ba takardu ba ce, ba kujerar jirgi ba ce. Riga ce. An shaida wa Mai Girma cewa a cikin jirgin ruwan nan da kayan ado ake zama cin abinci, kuma akwati na yamutsa riga. Mutum ba zai wakilci masu ƙishirwa da yamutsattsiyar riga ba, abin kunya ne gare mu duka. Sai aka kafa ƙaramin kwamiti na zaɓen jakar rataya riga mai taya, aka ɗora wa sakatare, Malam Hamisu, nauyin nemo ta.

A layin mai na makon jiya Malam Hamisu ya same ni. Ya ce in kai shi kasuwa. Na ce ba mai. Ya ɗaga mini galan cike, ya ce kwamiti ba ya bin layi saboda aikinsa na gaggawa ne. Tun da muka daina ɗaukar mata a babur fasinja ya ragu, mai galan kuma ba a yi masa musu, sai na bar gurbina na bi shi.

A bayan babur ɗin kuwa, naɗe cikin takarda, ɗaure da roba, akwai rigata. Da safen nan na karɓo ta daga mabuga. Shadda ce shuɗiya ta marigayi babana, da aikin hannu a ƙirji, ita kaɗai gare ni. An buga ta har tana ɗaukar ido, karinta a tsaye kamar an ja da zare. Dalili, ranar Juma'a zan je Zurmi in gaida mahaifin Madina, yarinyar da nake nema, karo na farko. Madina da bakinta ta ce mini babanta riga yake fara dubawa kafin ya dubi fuska, kada in kuskura in zo masa da jaket ɗin kabu-kabu.

Muka isa rumfar Nagoggo mai jakunkuna. Na taɓa ganin jaka iri-iri, amma ban taɓa ganin wadda ake rataye riga a cikinta kamar ƙusar ɗaki ba. Doguwa ce, a buɗe zif a ga hanga a ciki, a rataye riga, a ninka jakar biyu, sai a zaro mata wani mariƙi daga ka, ta bi mutum a baya kan tayoyi. Malam Hamisu ya yi ta tambaya, ni kuma ina ƙaruwa. Ashe jirgin sama yana da iyakar girman da yake karɓa a ciki, in ta wuce sai a jefa ta ƙasa tare da kayan kowa. Ashe ana ɗora ta a sikeli kamar buhun gero, don haka mai nauyi tun ba a sa komai ba asara ce. Ya ja zif sama ya ja ƙasa. Ya tofa wa fatarta yawu ya goge, wai yana duba ko tana shan ruwa, tunda teku za a. Ya ƙi wata baƙa don tayarta na kuka, ya ƙi wata ja don launin bai dace da shugaba ba.

Nagoggo ya jawo wata ruwan toka daga ƙarƙashin tebur. Gwanjo ce, amma ya ce wannan ne ma amfaninta. "Wagga ta je Jidda ta dawo, Malam. Ko an ɓace, ita ta san hanya."

Malam Hamisu ya ce sai an gwada da riga. Nagoggo ya ce a aika gidan Mai Girma a kawo ɗaya. Malam Hamisu ya dube shi kamar ya yi saɓo, ya ce rigar shugaba ba ta zuwa kasuwa, kuma ba a gwaji da ita. Ana gwaji da ta wani, in ba ta lalace ba sannan a sa ta shugaba. Shi kaftani ne a jikinsa, Nagoggo kuwa singileti. Sai idanu suka koma bayan babur ɗina.

Na ce ranka ya daɗe ta Juma'a ce. Ya ce ai ba cinye ta za a yi ba, yanzun nan za a ba ni, kuma hidimar jama'a ce. To, an ce hidimar jama'a, ni ma jama'a ne, na kwance roba.

Nan muka gano wanda ya ƙera jakar nan bai taɓa ganin babbar riga ba. Hangar ta kwat ce, faɗinta bai wuce kafaɗar akuya ba. Aka rataya wuya, hannuwa suka zubo hagu da dama har ƙasa. A cusa na dama na hagu ya fito. Mahauci na kusa ya zo taimako, mai gyaran rediyo ya zo ba da shawara. Ina tsaye ina kallo ana karya mini karin mabuga ana yin sabo inda ba a taɓa yi ba. A ƙarshe Nagoggo ya hau kanta ya zauna, aka ja zif, aka yi hamdala.

Saura taya. Aka ajiye ta ƙasa aka ja, ta nutse a rairayi ta tsaya cik. Aka ja da ƙarfi, ta yi huɗa mai kyau, har wani manomi daga Sakajiki ya tambayi ko ana ba da haya da damina. Malam Hamisu ya ce laifin ƙasa ne ba na jaka ba, ya kamata a rubuta wa kwamitin hanyoyi. Aka yi ta tunanin inda ke da daɓe mai santsi a garin nan, aka tuna da dakalin tashar jirgin ƙasa. Muka ɗunguma can, jaka a kan tankin babur, mahauci na biye don ya ga ƙarshen abin.

A can kuma aka rasa mai ja. Malam Hamisu ya ce shi sakatare ne, aikinsa lura. Don haka ni na ja. Na kai ƙarshen dakali na dawo, na sake kaiwa na dawo, rigata na bina a baya kamar tunkiyar da ta saba da ni. Gaskiya tana tafiya lafiya lau. Har na fara jin daɗi, na ɗan ɗaga kai kamar mai jiran a kira jirginsa.

Sai ga motar Mai Girma. Bai fito ba, gilashi kawai ya sauke. Ya kalle ni na je na dawo, ya gyaɗa kai, sannan ya tambaya.

"To a can wa za ya ja ta?"

Malam Hamisu ya rage murya ya ce, ranka ya daɗe, wai a can kowa shi ke jan tasa, shi ya sa aka yi mata taya.

Mai Girma ya ce shi, da girmansa, a gan shi yana jan abu a baya kamar mai kai akuya Kasuwar Daji? Me mutanen teku za su ɗauki masu ƙishirwa? Nan take aka zartar a ƙara mutum ɗaya cikin tawaga, mai kula da jaka. Kuma tunda jakar dukiyar jama'a ce, ba za a bar tayarta ta cinye a ƙasar mutane ba, a ka zai ɗauke ta. Allah ya sani, a nan zuciyata ta ɗan motsa, don a duk jihar nan ba wanda ya kai ni sanin jakar. Na gyara tsayuwa. Aka ce ƙanin matar Mai Girma ne ya dace, don yana da wuya mai ƙarfi.

Direba ya ɗauki jaka ya sa a but ɗin mota. Na matsa kusa na ce, "Ranka ya daɗe, rigata." Ni ban iya ɗaga murya ba, haka aka haife ni. Mai Girma ya ɗaga mini hannu ya ce yana sane da matsalolinmu duka, ana kan duba su. Gilashi ya hau, mota ta tafi.

Washegari na je wurin Malam Hamisu. Ya karɓe ni hannu biyu. Ya ce an riga an sa wa jakar kwaɗo, mabuɗi na wurin ƙanin mata, ƙanin mata ya yi gaba Kano. Na ce to rigunan Mai Girma fa, ina aka sa su? Ya ce a tsohon akwatinsa na ƙarfe, don an ga jakar a cike, ba wanda ya so ya taɓa aikin da ƙaramin kwamiti ya kammala. Ya ƙara da cewa duk abin da ke cikin jakar kwamiti yana bakin aiki ne har a dawo, in yi alfahari.

Jaji ya ce in kai ƙara, yanzu da Shari'a ta zo ba a cin haƙƙin talaka. Na ce ƙarar wa, Jaji? Aro ne na bayar da hannuna, wanda zan yi ƙara yana sama, shaida kuma tana cikin jaka. Ya shiga gida ya fito mini da tasa rigar. Allah ya saka wa Jaji, sai dai shi gajere ne mai faɗi, ni dogo ne marar faɗi. Rigar ta tsaya mini a gwiwa, tana ƙanshin hayaƙi da kanumfari.

Haka na je Zurmi ranar Juma'a. Na durƙusa a zaure na gaida mahaifin Madina, dattijo mai ƙasumba fara da ido mai auna mutum. Kamar yadda aka faɗa mini, rigar ya fara duba. Ya bi ta daga wuya har inda ta ƙare, bai daɗe ba, don ba ta da nisa.

"Yaro, wagga riga taka ce?"

Na ce a'a Baba, ta maƙwabci ce. Ya ce ina tawa. Na ce tana ƙasar waje, ta bi kwamiti neman ruwa.

Ya ce in sake faɗi. Na kwashe labari na ba shi tun daga layin mai har but. Bai yi dariya ba, sai dai na ga ƙasumbar na rawa, na kuma ji kamar an faɗi da kwano a cikin gida. Ya ce ya ji daɗi da ban yi masa ƙarya ba, kuma gidan da rigarsa ma ke hidimar jama'a gida ne na mutunci. Ya ba ni Madina, magabatana su zo. Amma ɗiyarsa ba za a ɗaura mata aure ango na sanye da rabin riga ba, don haka ya sa rana: ranar da rigata ta dawo.

To kun ji inda nake. A duk faɗin Ƙaura, ni kaɗai ne ke roƙon Allah bayan kowace salla ya dawo da kwamitin nan da wuri. Sauran mutane sun ce tun da suka tafi garin ya fi sauƙin layi. A layin jiya kuma na ji an ce an ƙara musu wa'adi, wai tekun ya fi yadda aka zata girma, ba su gama duba shi ba.

Ga wanda ke shirin sayen irin wannan jaka, shawarata kaɗan ce. Ka duba zif, ka duba nauyi, ka tabbata tana shiga jirgi, ka tabbata kai ne za ka ja. In kuwa ka ga manya sun zo gwaji, ka ce rigarka tana wanki.

Madina ta aiko mini da saƙo ta bakin mai motar Zurmi. Ta ce ita ba ta gaggawa, ta san wanda ta zaɓa. Abu ɗaya take roƙo: in rigar ta dawo a jiƙe, kada in shanya ta, in matse ta a randa. Ta ce wannan ne ruwan farko da kwamiti zai kawo mana, bai kamata rana ta riga mu sha ba.