Ranar Da Kwamfuta Ta Kama Sunan 'Yar Farina

Ba zan taɓa mantawa da ranar da kwamfuta ta tona mini asiri ba, a gaban matan ƙungiyarmu ta masu bandar kifi a Haɗeja.

'Yar farina ce ke koya mana haɗa shafin intanet don tallar kifinmu (ni da na koyi baƙi a ajin yaƙi da jahilci, da goyo a baya). Tun da na haife ta ban taɓa kama sunanta ba. "Ke" nake ce mata, har ana misali da kawaicina.

Darasin ba wuya, in ji ta. Kati ɗaya ake ginawa, a bar gurbin hoto da na suna, sai a riƙa miƙa masa bayanin kowace mace daga waje. "Kamar tanda ne, Inna. Tanda ɗaya, ƙullu iri-iri."

Ni aka ba aikin katin. Ina gwaji a gida ni kaɗai, gurbin hoto na bar shi daidai, amma a wajen suna sai na rubuta abin da ke raina, don in ga ko zai fito. Ya fito. Na rufe, na tafi juya kifi.

Ranar nuni 'yar tawa ta haɗa katina da jerin sunayenmu, ta haska a bango. Ga hoton tsohuwa Yagana, a ƙasa an rubuta: "Bilkisu, sanyin idona." Ga na Talatu, haka. Mata goma sha biyar, duk Bilkisu (ga shi na sake rubutawa, faɗa ne dai ban yi ba).

Yayar mijina ta gyara tabarau. "Ashe kin san sunan? Mu mun ɗauka ranar suna barci kike."

Yagana ta ce, "Ni dai a bar mini nawa haka. Rabona da a ce mini sanyin ido tun maigidana Malam na da rai."

Na ja mayafi na ƙura wa tabarma ido.

Ita kuwa malamar ko kallona ba ta yi ba. Ta ce, "Kun ga illar cusa bayani cikin kati. Duk inda aka kira shi, da abin da ke cikinsa zai zo." Ta goge, ta sa gurbi, kowa sunanta ya dawo. Sai dai na lura ta ɗauki hoton bangon da wayarta kafin ta goge.

Har gobe "ke" nake ce mata, ita kuma sai ta yi murmushi kafin ta amsa. In zan yi gwaji yanzu, "tarwaɗa" nake rubutawa.