Akushin Inna Abu a Cikin Gilashi

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na sa kwanon tuwon wata baiwar Allah a akwatin gilashi, na haska masa fitila, sannan na gayyato mahaifina ya zo kallo.

Lokacin ina wata na uku a aikin gwaji, a wani gidan adana kayan tarihi nan Katsina. Aikinmu ɗaukar kaya, share su, da kafa su inda jama'a za su gani. Mu biyu ne mata a sashen, ni da shugabarmu Hajiya Binta. Baba kuwa tun farko bai so ba. A ganinsa na sha karatu na ƙare a dako (hotona ya gani ina rungume da akwati, shi ke nan ya yanke hukunci). Don haka na ɗora raina a kan baje kolin da muke shiryawa: shi zai sa a tabbatar mini da aikin, shi kuma zai rufe bakin Baba.

Hajiya ta bar mini akwatin gilashi guda in cika da kayan girki, ita tana can tana fama da manyan kaya. Ana saura kwana biyu a buɗe, na hangi wani akushi a bayan ƙofar ɗakin ajiya. Baƙi wuluk, gefensa ya tsage an ɗinke da waya. Dokar Hajiya ɗaya ce: abin da ba shi da lamba a gindi, a tambaya kafin a ɗauka. Na leƙa, babu lamba. Maimakon in tambaya, sai kaina ya kumbura, wai na gano abin da kowa ya manta. Na zura farar safar hannu, na ɗauke shi kamar jinjiri, na share da burushi mai laushi. Wani ƙamshi na tashi, na ce ai ƙamshin tsufa ne (daddawa ce, jama'a). Gindinsa a karkace yake, sai na yini ina yanka katako ina gogewa har na yi masa mazauni daidai shi.

Ranar buɗewa Baba ya taso daga Ƙofar Kaura cikin babbar riga. Ina tsaye gaban akwatina ina zuba bayani, baƙi na gyaɗa kai, har Baba ya cire tabarau ya matso. Sai ga Inna Abu, tsohuwar da ke mana shara, ta kutso da tsintsiyarta.

"La'ilaha illallahu! Akushina! Kwana biyu ina bulayi, har na yi ma maigadi tas. Ɗiyata, mi ya kai shi nan ciki? Shekaranjiya fa na ci tuwo cikinshi!"

Nan take dariya ta ɓarke a ɗakin. Wallahi da ƙasa za ta tsage da na shige da safar hannuna. Ban iya kallon Baba ba. A raina na riga na fara haɗa jakata.

Hajiya Binta ba ta yi dariya ba. Ta buɗe gilashin, ta girgiza teburin, akushi bai motsa ba. Ta ɗaga shi ta miƙa wa mai shi, ta daɗe tana juya mazaunin a hannunta.

"Wa ya yanka wannan?"

"Ni ce, Hajiya."

Ta juya wajen Baba. "Alhaji, ɗiyarka ba ta jin magana, wannan kam zan gyara. Amma hannun nan nata, na daɗe ina neman irinshi. Ba inda za ta."

A hanyar gida, da muka kusa ƙofa, Baba ya dube ni. "Ashe ba dako ba ne. Wadda ta sa na cire tabarau ina girmama kwanon tuwo, ai ta iya aikinta."

Yau ni ke koya wa sababbin 'yan mata ɗaukar kaya, kuma ina alfahari da hakan ba kaɗan ba. Inna Abu har gobe in ta hango ni sai ta tura akushinta ƙarƙashin zane. Darasin farko da nake ba su shi ne su duba lamba, in babu su tambaya. In kuma girman kai ya hana su tambaya, to don Allah su shinshina.