Rasuwar Shaho a Ƙofar Shagon Aski

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, wadda har yanzu ba ta daina tafasa ba, nake sanar da 'yan uwa da abokan aiki rasuwar kekena, Shaho, wanda ya bar mu ranar Talata da rana tsaka, a ƙofar shagon aski, a hannun ƙanin matata.

Marigayin ba ya da nauyi, da hannu ɗaya nake hawa bene da shi. Bai taɓa makarar da ni aiki ba. Motoci na cunkushe, direbobi na zage-zage, shi kuwa sai ya ratsa ta tsakani yana tsik-tsik-tsik, in ya ga mai tafiya a ƙafa ya ce ƙirrin sau ɗaya, cikin ladabi. A falo yake kwana. Ko sayen burodi na tsaya, sai na ɗaure gangar jikinsa da taya biyu a jikin ƙarfen da ya fi ni tsawo.

Jinyarsa gajera ce. Ƙanin matata, wanda ya zo mana kwana biyu tun bara, ya roƙi aronsa, yayarsa ta sa baki. Na ba shi sarƙa mai kaurin damtse da kwaɗo uku, na nuna masa yadda ake yi, ya ce ai shi ba yaro ba ne. Ya kuwa ɗaure tamau, kwaɗo uku duk ya datse su, a jikin wani guntun turke da bai kai ƙugu ba. Ɓarawon bai yanka komai ba. Ɗagawa kawai ya yi, ya zare ta sama, ya saɓa a kafaɗa har da sarƙar. Mai aski ya ce ta madubi suka gani, amma gogan ya ce a bari a gama gyara masa gemu, ai a kulle yake.

Marigayin ya bar famfon iska, hular kwano, makullai uku da ba su da kwaɗon da za su buɗe, da ni.

Ga ɓarawo: birkin baya yana ɗan sakewa a gangara. Ba zan faɗi yadda ake gyara shi ba.

Ba a karɓar gaisuwa daga duk wanda zai ce ai keke ne kawai, ko da kuwa uwargida ce.

Za a yi jana'iza ranar Asabar da safe. Tunda babu gawa, za a binne makullan a gindin turken. Daga nan masu rakiya za su wuce tashar mota a ƙafa, ƙanin matata a gaba, da gemunsa gyararre da jakarsa a ka. Na riga na saya masa tikitin, na tafiya ne kawai.