Finjalin Farko na Majalisar Ɗanɗano

A wani daji da ke bayan duwatsu uku, akwai abu guda da kowa ya sani tun yana goye: harshen Majalisar Ɗanɗano ba ya kuskure. Ana iya yin kuskure a kan ranar saukar damina, ana iya yin kuskure a kan wanda ya cinye ɗan wane, amma ba a kan shayi ba. Shekara ashirin da bakwai ke nan majalisar tana zama, ba a taɓa samun gyara a hukuncinta ba. Ita da kanta ta bincika ta tabbatar da haka.

Shayi baƙo ne a dajin. Shamuwa ce ta zo da irinsa daga wata doguwar tafiya. Aka gwada shi ko'ina ya ƙi, sai a wani ɗan gangare da ke gefen maɓuɓɓuga, wanda faɗinsa bai wuce kwanciyar bauna goma ba. Tunda wurin ɗaya ne, masu sonsa kuma da yawa, sai aka yi doka. Duk mai ganin ganyensa ya fi na mai gangaren, ya kawo shi gaban majalisa. A zuba na mai ƙalubale a finjalin farko, na mai gangare a na biyu. Wanda ya faɗi ya tumɓuke shukarsa, wanda ya ci ya karɓi gangaren da ruwansa.

Shekara ashirin da biyu gangaren yana hannun wani tsohon kunkuru mai suna Nomau. Shayinsa baƙi ne. Yakan tsinko ganyen, ya shanya, ya turara, ya matse shi curi-curi kamar daddawa, sa'an nan ya kai wani kogo mai sanyi ya bar shi ya tsufa. Shamuwa ta ce a can gabas Fu'a ake kiran irinsa, amma a dajin Tsohon Curi ake ce masa. Nomau ba shi da mata, ba shi da 'ya'ya. Yana da bishiyoyin shayi sittin da huɗu, kuma ya san kowacce da halinta.

A wannan shekara sai Dila ya kawo ƙalubale. Fatake ya tare a hanya ya samo farin shayi, ƙananan toho masu gashi-gashi, an gauraya su da busasshen ɓawon lemo. Dila bai taɓa shuka komai ba, amma dokar ba ta ce sai manomi ba.

Majalisar tana da wakilai tara. Shugabanta Raƙumin Dawa ne, mai sarautar Magajin Harshe, wanda aka zaɓa saboda babu mai tsawon harshensa a dajin. Harshen nan tun ƙuruciya yake kokawa da ƙayar bagaruwa safe da yamma, amma ba a ga dalilin kawo wannan zance a wurin naɗi ba. Kura ce mataimakiya, ita ce kuma gwanar ƙamshi. Ƙarama a cikinsu ita ce Hawainiya. Al'adarsu kuwa, daga lokacin da shugaba ya ɗaga finjali har a yanke hukunci, babu mai magana sai wakilai, su ma bi da bi, daga babba zuwa ƙarami. Wanda ya keta, wanda ya zo dominsa ne zai faɗi a take.

Ranar gasa Nomau ya iso gindin tsamiyar majalisa da sassafe, ya tarar da Tabawa, bushiyar da ke dafa wa majalisa shayi, tana hura garwashi.

"Tabawa, an tashi lafiya? Yaya ƙayar?"

"Tana nan tana jiran mai tsautsayi, Baba Nomau. Yau ma ka riga kowa."

"Ai shekaranjiya na taso," in ji shi. Ya kwance wani ƙunshin ganyen ayaba, ya fito da curi baƙi wuluk. "Wannan tun shekarar da na karɓi gangaren na matse shi. Ban taɓa ɓantara ba."

Tabawa ta sunsuna, ta sake sunsunawa.

Nomau ya taɓa finjalan da aka jera layi biyu a kan faifai. "Sanyin safiya ya kama su. Tsohon ganye ba ya son finjali mai sanyi, ƙunshe ƙamshinsa yake yi. Ki zuba musu ruwan zafi su ɗumama, in za ki zuba shayin sai ki zubar."

"Baba, ba a taɓa yin haka a nan ba."

"Ba a taɓa kawo curi mai shekara ashirin da biyu ba. Ki ɗumama har na Dila. Kada gobe a ce na yi wa yaro wayo."

Ta cika layuka biyun da ruwan zafi zalla. Ta zuba farin shayin Dila a buta ɗaya ta ajiye ya jiƙa, ta juya baya tana ɓantarar curin Nomau. Ba ta yi sauri ba, domin majalisa ba ta taɓa zama kafin hantsi ba. Amma ran nan Magajin Harshe yana da wani taro a bakin kogi, inda zai yi jawabi a kan muhimmancin nutsuwa, saboda haka ya zo a gaggauce da wakilansa a baya. Ko da Tabawa ta waiwayo, finjalin farko ya riga ya yi sama.

Ta buɗe baki. Kura ta dube ta. Ta dubi Nomau, ta tuna da dokar, ta san dominsa za a ce ta yi magana, ta rufe bakin.

Magajin Harshe ya kurɓa, ya lumshe ido. Kurɓar tana da nisan tafiya, don haka aka jira ta sauka.

"Ya ku wakilai," in ji shi, "na sha shayi a zaman nan sau ashirin da bakwai, yau ne na fara haɗuwa da wanda ya san ladabi. Ku dubi launinsa. Farin shayi da yawa fari ne a suna kawai. Wannan kuwa ya yi farin da har ana ganin gindin finjali. Ba ya ɗaga murya. Ba ya cin zarafin harshe da ɗaci ko bauri. Yana shigowa kamar baƙo mai kunya, ya gaishe ka, ya wuce, sai bayan ya tafi ka gane babban mutum ne ya ziyarce ka. Mai ƙaramin harshe zai kurɓa ya ce bai ji komai ba. Ba laifinsa ba ne. Ba don shi aka yi shayin ba."

Bayan wannan jawabi, ba a samu mai ƙaramin harshe a majalisar ba.

Kura ta tura hanci cikin finjalinta. "Ranka ya daɗe, ka gama magana. Abin da zan ƙara kawai shi ne lemon. Wasu kan cika lemo har ya yi wa mutum tsawa. A nan kuwa an ɓoye shi da gwaninta, sai wanda ya ƙware zai jiyo shi can ƙasa-ƙasa. Ni na jiyo shi sau biyu."

Na uku ya jiyo furen mangwaro. Na huɗu ya jiyo raɓa. Na shida ya ce ya tuna masa da mahaifiyarsa, ya nemi a ba shi lokaci. Da aka zo kan Hawainiya, jikinta ya koma launin da ba a san sunansa ba, ta ce, "Ranka ya daɗe, yana da... zafi daidai." Aka yaba mata da taƙaitawa.

Dila yana zaune a gefe. Daga inda yake yana hango butar da shayinsa ke ciki, cike, ba a taɓa ta ba. Ya dube ta sau ɗaya, ya sunkuyar da kai irin na wanda yabo ya yi wa nauyi.

"Finjali na biyu," in ji Magajin Harshe, yana duban tsayin rana.

Tabawa ta zubar da ruwan layi na biyu. Ta ɗauraye ganyen curin, ta sake zuba masa ruwa, ta tsiyaya a finjalan da suka ɗumama. Shayin ya fito ja mai duhu. Ƙamshinsa ya tashi kamar na ƙasa a ranar ruwan fari, da wani abu na tsohon ice a bayansa. 'Yan kallon da ke kan rassan tsamiya suka miƙo wuya suna shaƙa.

Magajin Harshe ya kurɓa. A karon farko cikin shekaru masu yawa wani abu ya ratsa kaurin harshensa, kuma bai ji daɗin mamakin ba.

"Wannan," ya ce, "yana da ɗanɗano. Ban faɗi haka don cin mutuncin kowa ba. A da, lokacin da ba mu waye ba, mun karɓi irinsa, har mun ba shi nasara. Amma bayan abin da muka sha yanzu, wa zai koma ga laka? Yana kama harshe, yana zama a maƙogwaro, ba ya tafiya ko an sallame shi. Shayin ƙauye ne."

"Warin abin da ya daɗe a ajiye yake yi," in ji Kura, "kuma ba irin daɗewar da ke da daɗi ba."

Haka aka bi layi. Hawainiya ta kurɓa, nan take jikinta ya rine ja mai duhu. Ido ɗaya yana kan finjali, ɗaya yana kan shugaba. Ta ce, "Ina bayan abin da manya suka faɗa." Sa'an nan ta shanye finjalin har ƙasa, ta jawo na maƙwabcinta ta shanye, wai don kada ya cutar da wani.

Aka yanke hukunci Dila ya ci, tara ba ko ɗaya. Magajin Harshe ya ajiye finjali, kowa ya sami damar magana.

Tabawa ta fito tsakiyar fili. "Allah ya ba ka nasara, ruwa kuka sha. Ruwan zafi ne na zuba don finjalan su ɗumama. Ga shayin Dila nan a buta, ko ɗigo ba a tsiyaya ba. A buɗe a gani."

Babu wanda ya matsa kusa da butar.

"Kina nufin," in ji Kura a hankali, "lemon da na jiyo sau biyu..."

"Babu lemo, ranki ya daɗe. Ruwan maɓuɓɓuga ne."

Nomau ya miƙo wuya. "Ranka ya daɗe, laifin nawa ne, ni na sa ta. Ban roƙi a ba ni nasara ba. Ina roƙon a zuba na Dila a sha, in ya kayar da ni, ya kayar. Bishiya sittin da huɗu ce. Ƙaramarsu ta girmi wasu daga cikin wakilan nan."

Kafin shugaba ya amsa, Dila ya durƙusa. "Allah ya ja zamaninka, a yi wa baiwar Allah uzuri, ba ta saba da irin wannan ba. Gaskiya ta faɗa, ganyen yana buta. Haka ake yi. Farin shayi mai daraja ta ƙoli ba a takura masa da cuɗanya. Ajiye shi ake yi a kusa, ruwan ya ɗauki abin da zai iya ɗauka. Ban yi bayani tun farko ba ne don na san a gaban wa nake."

Majalisa ta numfasa gaba ɗaya.

"To ga shi," in ji Magajin Harshe. "Abu biyu ne a gabanmu. Ko dai harsuna tara sun yi kuskure a rana guda, abin da bai taɓa faruwa ba cikin shekara ashirin da bakwai, ko kuwa bushiya ɗaya ba ta je makaranta ba. Majalisa ta yafe mata, za ta ci gaba da hura wuta. Shi kuma Nomau, muna gode masa bisa doguwar hidima. Ya share gangaren cikin kwana bakwai."

"Ranka ya daɗe, ni kunkuru ne."

Wakilai suka haɗa kai suka yi shawara. Saboda tausayi aka mayar da shi kwana takwas.

Da fili ya watse, Tabawa ta zauna kusa da garwashin da ya fara mutuwa. "Baba, da na yi ihu tun farko."

"Da na faɗi a gasar tun a lokacin. Zuba mana na yaron nan mu ji."

Ta tsiyaya daga butar. Shayin ya fito ruwan ɗorawa mai haske, ya ɗan huce. Nomau ya kurɓa, ya juya shi a baki, ya daɗe.

"Lemon ya yi yawa," ya ce. "Ya danne tohon. Amma tohon mai kyau ne, an tsinke shi kan lokaci, wanda ya shanya shi kuma ya san aikinsa. Yana da garɗi a ƙarshe, kin ji? Ba laifi." Ya ajiye finjalin. "Da wannan ne ya kayar da ni, da ban ji ciwo haka ba."

Kwana takwas ya yi yana tono. Bai bar kowa ya taya shi ba, sai Tabawa da ke jan rassan gefe. Yakan tsaya a gaban kowace bishiya kafin ya fara. Rana ta tara ya hau zuwa kogonsa, inda sauran curi goma sha ɗaya ke ajiye, waɗanda yanzu aka hana sha a bainar jama'a. Ba a ƙara ganinsa a gindin tsamiya ba.

Dila bai shuka komai a gangaren ba. Ya kewaye maɓuɓɓugar da ƙaya, ya rataye ƙunshin farin shayinsa a kan reshe, kusa da inda ake dafa ruwa. Dabbobi suka riƙa zuwa layi-layi suna shan ruwan zafin, suna lumshe ido. Busassun bishiyoyin Nomau kuwa, tunda suna nan kusa kuma babu mai su, da su Tabawa ta riƙa hura wuta har suka ƙare bayan mako shida, hayaƙinsu yana ɗan shiga ruwan.

Har yau masana a dajin sun yarda cewa farin shayin bai taɓa yin daɗi irin na waɗannan makonni shida na farko ba, kuma majalisa ta kafa kwamiti don gano dalili.